Waƙar da Aka Tokare Piyano da Ita

Akwai wani shugaban mawaƙan coci a Ogbomoso, sunansa Akinloye. Wajen kaɗa piyano ba a magana, amma girman kai kam ya yi masa katutu.

A cocin akwai tsohon fasto mai ritaya, Baba Oyelaran. Shekarar da ya binne matarsa da 'yarsa cikin wata guda, ya tsara waƙar addu'a. Kalmomin ya sa su a takarda, karin waƙar kuwa a kansa kawai yake, don bai iya rubuta alamomin kiɗa na do-re-mi ba.

Wata Lahadi ya miƙa wa Akinloye takardar. "Ɗana, ba ni minti goma in rera maka. Kunnenka zai kama."

Akinloye ya yi dariya. "Haba Baba! Mutane sun ci ado sun zo rawa, kai kuma za ka sa su kuka? Bari sai wani makon."

Tsohon na juya baya, Akinloye ya ninke takardar ya tokare ƙafar piyano da ke rawa. Sau uku Baba yana dawowa, sau uku ana ce masa wani makon. Ba a kai Kirsimeti ba ya rasu.

Bayan shekara biyu, Morenike matar Akinloye ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Akinloye ya durƙusa zai yi addu'a, baki ya ƙi buɗewa. Ya bi littafin waƙoƙi lamba-lamba, babu wadda ta taɓa inda ke masa ciwo.

Ana gobe jana'iza aka ja piyano don gyara wuri, sai ga takardar. Ya warware ta ya karanta: "Ubangiji, yau ba ni da magana. Na zo ne kawai in zauna a ƙofarka."

Nan ya zube yana kuka.

Ya bi tsofaffin cocin gida-gida yana neman karin. Wata tsohuwa, Mama Adunni, ta ce, "Mun sha jin sa yana rerawa a gindin mangwaro, amma wa ya riƙe? Kai ne mai kunnen, ɗana. Ai shi ya sa ya zo wurinka."

Ranar jana'iza Akinloye ya rufe piyano, ya tsaya ya karanta waƙar kamar wasiƙa. Har yau karanta ta ake yi a cocin, babu wanda ya san yadda ake rera ta.

Darasi: Idan wanda ya sha wuya ya roƙe ka minti goma, ka ba shi yau. Wataƙila maganin ciwonka na gobe ne ya kawo maka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.