Ni Na Dafa

Dalilin da ya sa in ana ciyayyar kaka a Tungar Maje, kuka tambayi wadda ta dafa wani abu, mata ke amsawa baki ɗaya, "Ni na dafa," ba wai iyayenku sun iya ƙarya ba ne. Ku bar lasar yatsa haka nan, ku matso ku ji.

A da ba haka ake yi ba. Duk shekara in an gama girbi, dangi da ƙawaye kan taru a gidan Tabawa mai saƙar faifai, kowace da akushin abincinta a ka. Akushin kowa baƙi ne, ba ka bambanta su sai da faifan da aka rufe su da shi, don kowace mace da irin zanen nata. Sai a jera su a tsakar gida, a ɗaga faifai, a kira sunan mai shi, a yaba ko a taɓe baki. Yalwa matar sarkin pawa kuwa ba ranar da take jira kamar wannan, don miyarta har mai ke iyo a kai.

Wata shekara ambaliya ta cinye gonar su Azumi, aminiyar Tabawa tun suna 'yan mata. Sai da Tabawa ta aika mata sau uku sannan ta zo, bayan kowa ya hallara. Da Tabawa ta sauke mata akushi sai ta ji shi sakayau. Ta leƙa ta gefen faifai, ta ga dafaffen ganyen tafasa ne, ko ƙuli babu.

"Tabawa, don Allah ki kai shi bayan ɗaki," in ji Azumi, murya ƙasa-ƙasa. "In aka kira sunana a kan wannan, na gama shiga mutane."

Tausayi ya kama Tabawa har idonta ya kawo ruwa. Amma ta san in akushi ɗaya ya ɓace, Yalwa sai ta tambaya. Sai ta tafa hannu ta ce, "Ku shiga ku gaida Inna tukuna, ƙafarta ta matsa mata." Suna shigewa ɗakin tsohuwar, ta bi jeri tana sauya faifan wannan da na waccan, cikin sauri, ba ta ko duba ba. Nufinta nata faifan ya faɗa kan tafasa. Ina! Garin gaggawa na Yalwa ta ɗora.

Aka fito aka zauna. Yalwa ta riga kowa miƙa hannu, ta ɗaga faifanta tana murmushi. Murmushin ya tsaya.

"Wannan fa? Ni Yalwa, da tafasa tsura? Wace ce ta dafa wannan?"

Azumi ta dafa ƙasa za ta tashi.

"Ni na dafa," in ji Tabawa.

Lantana ƙanwar Tabawa ta dubi yayarta, ta dubi Azumi, nan take ta gane. "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah. Ni na dafa."

"Ku dai kun iya ƙwace," in ji wata daga can baya. "Ni na dafa."

Haka maganar ta zagaya, har tsohuwa Inna ta ɗago murya daga ɗaki ta ce ita ta dafa, alhali ta shekara uku ba ta hura wuta ba. Yalwa ta bi fuskoki da kallo har ta kai kan Azumi, ta ga hawaye na sauka a kumatunta. Yalwa tana da baki, amma ba muguwa ba ce. Kunya ta rufe ta.

"Ku yi mini shiru," ta ce. "Faifan wa ke kai? Ni na dafa."

Ta sa hannu ta ɗebi tafasa ta kai baki, sannan ta jawo akushin naman da ke kusa ta tura gaban Azumi. "Ci wannan, 'yar uwa. Faifanki ke kai, ke kika dafa, kin kuwa iya miya."

Azumi ta yi dariya tana share hawaye. Ranar ta ci ta ƙoshi, ta koma gida da akushi mai nauyi, kai a ɗage.

Shi ya sa har yau a garin nan mai masauki ke sauya faifai kafin a zauna, kuma ba a jin sunan mai girki. In kun girma kun ga akushi ya zo sakayau, kun san abin da za ku ce.