Magaryar Inna Larai

Akwai wani mutum a unguwar Hindawiyya ta Jidda, a shekarun da ake sayen ruwa garwa-garwa a hannun 'yan ga-ruwa, sunansa Abdulghaffar. Haihuwar Jidda ne. Iyayensa suka zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa, ba su koma ba. Direban wani attajiri ne, kullum cikin farar jallabiya, ba ya son a ji shi yana Hausa a kasuwa.

Yana zaune da matarsa Mastura da mahaifiyarsa Inna Larai a wani ɗan gida na katako da kwano. A tsakar gidan akwai magarya, wadda Larabawa ke kira sidir. Yayansa Usuman ne ya binne ƙwallonta tun yana yaro. Usuman ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Wata rana kaya suka faɗo masa, ko shurawa bai yi ba.

Tun daga nan tsohuwa ta tare a gindin magaryar. Nan take alwala, don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Idonta ya dushe, amma tafin hannunta ya san kowane reshe.

Abdulghaffar kuwa fili kawai yake gani. Ɗaki yake so ya gina a wurin, ya riƙa cika shi da alhazai.

"Ummi, itacen nan ya cinye mana gida. A sare shi, halas, magana ta ƙare."

"Ka fara da ni," in ji tsohuwa. "Yayanka bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Ita ya bar mini."

Ya san in ya ɗauki gatari, unguwa za ta cinye shi da baki. Amma mai kula da lambun ubangidansa ya taɓa nuna masa yadda ake kashe itace ba tare da an kayar da shi ba.

Da azumi ya zo, Inna ta bi maƙwabta umra Makka. Abdulghaffar ya tone ƙasar gindin magaryar, ya sa wuƙa, ya fara zagaye ɓawon. Mastura ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta kira shi da sunan 'yarsu, irin kiran Larabawa.

"Abu Zakiya, me kake yi haka?"

"Aski nake mata."

"Ka ji tsoron Allah, da azumi a bakinka!"

"Ke dai tsaya ki koyi ilimi," ya ce, bai ɗago ba. "Saiwa ke shan ruwa, ruwan ya hau ta tsakiyar itace har ganye. Ganye shi ne kicin, shi ke dafa abinci da hasken rana. Abincin kuma ta ƙarƙashin ɓawon nan yake sauka wa saiwa. Na datse hanyar sauka, na bar ta hawa. Sama za ta yi ta shan ruwa tana kore, ƙasa tana mutuwa da yunwa. Wa zai ce ni ne?"

Ya ɓare ɓawon kamar faɗin tafin hannu, ya zagaye gindin kaf, ya mayar da ƙasa ya daddale.

Bayan sallah magarya ta yi furen da ba ta taɓa yi ba. Abincin da ya rasa hanyar sauka ne ya taru a rassa. Ƙananan furanni masu ruwan ɗorawa suka rufe ta, ƙamshi har bakin titi. Ƙudan zuma suka cika gidan, suna kwasar garin wannan fure suna kai wa wancan, duk furen da ya samu sai ya ƙulla ɗa.

Inna Larai ta ɗaga fuska tana shaƙa, hawaye na bin kumatunta.

"Kun ji? Wannan alama ce. Yayanka yana cikin rahama."

"Masha Allah, Ummi," in ji Abdulghaffar, yana ƙifta wa matarsa ido.

Da 'ya'yan suka nuna, tsohuwa ta zauna a ƙofar gida da faifai tana rabawa masu wucewa. "Sadakar marigayi ce, ku sa shi a addu'a."

Saiwar ba ta sallama da wuri ba. Ta riƙa turo ƙananan toho daga ƙasan yankan, tana neman ganye ko ɗaya da zai ciyar da ita. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, Abdulghaffar zai tsaya kamar mai gyara takalmi, ya murje tohon da dunduniya.

Zafi ya shigo, irin zafin Jidda mai jiƙa riga. Ganye ya fara rawaya yana zuba. Inna ta ɗauka ƙishirwa ce, ta riƙa tsiyaya mata ruwan randa.

"Ruwan gidan nan na mutane ne, ba na itace ba," in ji ɗanta. "Yalla, maza, Mastura, rufe randar nan."

Tsohuwa ba ta yi musu ba. In an miƙo mata moɗar shanta, sai ta jiƙa leɓe, ta jira takun sawu ya yi nisa, ta juye sauran a gindin. Leɓenta ya tsattsage. Muryarta ta shige.

Mastura ta roƙe shi. "Ka gaya mata gaskiya, tana kashe kanta."

"Ranar da kika buɗe baki, ki haɗa kayanki."

Wata rana da hantsi Inna ta durƙusa tana tona ƙasar gindin da yatsu, wai don ruwa ya fi shiga. Sai yatsun suka tsaya. Ta bi yankan a hankali, ta zagaye shi har ta dawo inda ta fara. Mastura tana tsaye a bayanta.

"Inna, ƙila akuya ce..."

"Akuya ba ta mayar da ƙasa, 'yar nan."

Inna ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta dafa bango ta shiga ɗaki ta kwanta.

Kullum in Abdulghaffar zai fita takan ce masa, "Allah ya yi maka albarka." Washegari ya tsaya a ƙofarta, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Shiru. Rana ta biyu ma haka. Zazzaɓi ya kama jikinta da ya riga ya bushe, likita ya zo ya duba ya girgiza kai.

A nan ne tsoro ya shigi Abdulghaffar. Ya durƙusa gaban tabarmarta, Larabcin ya gudu daga bakinsa, Hausar da yake ɓoyewa ta fito.

"Inna, ni ne. Don Allah ki yafe mini. Zan dasa miki wata. Zan dasa miki goma."

Can ta ce, a hankali:

"Mastura, ki ce wa mutumin nan ya matsa. Ya tare mini iska."

Ita ce maganarta ta ƙarshe.

Mata suka zo wankan gawa, suka ce a tsinko ganyen magarya, kamar yadda aka saba. Duk wanda ya rasu a unguwar, daga gidan nan ake ɗibar masa. Babbar cikinsu ta leƙa tsakar gida, ta ga rassa tsirara, ta ga ramin da tsohuwa ta tona da farin yanka a fili. Ta kira sauran. Suka tsaya suna kallon gindin, sannan suka juyo suna kallonsa.

Abdulghaffar ya rungumi itacen yana jijjigawa, wai ko ganye ɗaya ya rage a sama. Busassun ƙayoyi ne suka zubo masa a ka. Sai kasuwa aka aika aka sayo garin ganye a ƙunshi, da shi aka wanke matar da ta wanke unguwa.

A maƙabarta mutane suka wuce shi suka yi wa juna gaisuwa. Babu kafintan da ya yarda ya kafa masa ƙusa a filin nan. Har ya tsufa ana ganinsa yana sayen ruwa yana juyewa a gindin busasshen kututture, ruwan ya kwanta, rana ta shanye.

Darasi: Iyaye su ne saiwarmu, a ƙasa suke, ba a ganinsu, amma da ruwansu muke tsaye. Wanda ya datse musu abin da ke riƙe da zuciyarsu zai iya yin fure na ɗan lokaci, amma ya riga ya mutu. Mu da muka rufe namu mun san yafiya ba ta fitowa daga kabari. In mahaifiyarka tana raye, tashi yanzu ka je ka nemi albarkarta, sannan ka tura wa ɗan'uwanka wannan labari kafin nasa ganyen ya zube.