Tagar da Mai Rediyo Ya Ƙi Rufewa

Akwai wani dattijo da kowa yake kira Mai Rediyo. Tun yana saurayi yake gyaran rediyo, tun zamanin da idan rediyon gida ya daina magana sai ka ga maigida ya naɗe shi a zani ya rungumo kamar jariri mara lafiya. Yanzu kowa da wayarsa a hannu, kasuwar ta mutu, amma sunan ya zauna.

Shagon da yake haya a bakin titi tuni ya sake shi. Ya dawo da teburin aikinsa cikin ɗakin kwanansu, ya jingina shi a ƙarƙashin taga saboda haske. A kan teburin akwai sukudireba manya da ƙanana, da dalma, da matattun batura da ya ƙi zubarwa, da rediyoyin da masu su suka kawo gyara har suka bar duniya ba su dawo karɓa ba.

Su uku ne a gidan. Shi, da matarsa wadda yake ce wa Maman Yara, da wani tsohon namijin tantabara mai launin toka.

Tantabarar nan tana da tarihi. A shekarar da suka yi aure mahaifinsa ya ba su guda biyu, mace da namiji. Suka yi ta haihuwa har rufin gidan ya cika. Idan yamma ta yi a wancan lokacin, sai a kunna rediyo a tsakar gida, yara su ɗebo tsaba su watsa, tantabaru su sauko har kan kawunansu, Maman Yara tana faɗa ana ɓata mata shanya, tana kuma dariya. Allah sarki, kwanakin nan sun yi daɗi.

Sai yara suka girma, kowa ya kama gabansa. Tantabarun ma suka bi sahu, wasu kyanwa ta cinye, wasu cuta ta kwashe, wasu aka sayar. Guda ɗaya tal ya rage.

Sufeto suke kiransa, domin kullum da safe sai ya sauko kan teburin, ya turo ƙirji gaba, ya bi kayan aiki ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa da ido guda.

"Malam, gyara zama, ga oganka ya zo duba aiki," in ji Maman Yara.

"Ƙyale shi, ya fi wasu masu digiri sanin rediyo," in ji Mai Rediyo.

Ta tagar nan Sufeto yake fita, ta nan yake dawowa. Makwancinsa kuwa akwatin wani tsohon rediyo ne da aka cire wa kayan ciki, aka sa masa tsumma, aka ɗora a saman kabad. Sabo turken wawa. Dattijon nan ba ya iya shan shayin safe sai ya ji kukan Sufeto a kansa.

Sai aka shiga wata shekara da sanyinta ya wuce misali. Tsofaffin unguwar suka ce tun da aka haife su ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwan bokiti ya kwana a waje ya wayi gari da ƙanƙara a samansa. Famfo ya daina zuba sai rana ta ɗaga. Mutum yana magana hayaƙi na fita daga bakinsa. Masu gawayi suka zama manyan mutane, sai ka gaishe su da ladabi kafin su kalle ka.

Wata rana da la'asar iska ta taso da ƙarfi, tana tafe da ruwa da tsakuwar ƙanƙara. A lokacin Mai Rediyo ya buɗe cikin wani rediyo da aka kawo masa, aikin farko da ya samu bayan dogon zama. Da ya ga feshin ruwa yana shigowa kan kayan, sai ya miƙa hannu ya ja tagar, ya danna sakata. A ransa Sufeto yana cikin akwatinsa. Bai ɗaga kai ya duba ba.

Da gari ya waye, Maman Yara ta riga shi fita sharar tsakar gida kamar yadda ta saba. Shi kuma ya zuba tsaba a gefen tebur, ya yi fito. Shiru. Ya hau kujera ya leƙa akwatin. Tsumma ne kawai a ciki.

Ya juyo ya kalli tagar, ya ga sakatar da ya danna da hannunsa.

"Maman Yara! Kin ga Sufeto?"

Ta shigo tana murza hannuwanta, ta kalli fuskarsa, ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran gado. "Ka sha shayinka tukuna, Malam, kada ya huce."

Bai sha ba. Ya zura tsohuwar kwat ɗinsa ya fita. Ya bi lungu-lungu yana kallon rufin gidaje, yana tambayar masu shaguna. Wasu suka tausaya masa, wasu suka jira ya wuce suka yi dariya. Da ya dawo, ya buɗe tagar gaba ɗaya, ya soka babbar sukudireba a gefenta don kada iska ta rufe ta.

"Ya zo ya tarar a rufe ne, ya yi fushi," ya ce. "Yana nan a wani rufin. Tantabara ba ta manta gida. Daga yau tagar nan ba za ta sake rufuwa ba sai ya shigo."

Maman Yara ta kwashe kofin shayin da ya huce ta fita.

To, ku sani, baiwar Allahn nan tana da raunin ƙirji tun da daɗewa. Ko a shekarun da sanyi bai kai haka ba sai ta yi ta fama. Gadonsu kuwa yana fuskantar tagar. Iska ta riƙa shigowa ba dare ba rana, kaskon gawayin da suke hurawa ya zama kamar ado. Ta haɗa barguna, ta sa safa a kan safa, ta ɗaure kai da kunnuwa. Idan tari ya taso mata sai ta danna bakinta a cikin matashi don kada ya ji.

Ni dai a nan dattijon nan ya ba ni haushi. Mutumin da yake iya jin ƙarar waya ɗaya da ta saki a cikin rediyo, amma ya kasa jin tarin matarsa a gefensa! Ba mugu ba ne, wallahi. Idonsa ne ya tafi sama gaba ɗaya. Kullum yana zaune a bakin taga, hancinsa na zuba, yana kallon gajimare, duk tsuntsun da ya gilma sai ya miƙe.

Ana haka sai autarsu ta zo duba su. Tana aure a wani gari, kuma ita ce ta gado taurin kan uban. Tana sa ƙafa a ɗakin ta ja da baya.

"Innalillahi! Baba, ɗaki ne wannan ko firji? Mama, haka kike kwana?"

Ta nufi tagar ta zare sukudirebar, ta rufe.

"Auta, buɗe tagar nan," in ji Mai Rediyo.

"Baba, don Allah ka ji yadda take numfashi mana. Saboda tsuntsu?"

"Ba tsuntsu ba ne kawai. Jikan tantabarun kakanki ne. Ke da kike watsa musu tsaba da hannunki, yau ke ce mai cewa saboda tsuntsu?"

"Na yarda, Baba. To ita Mama fa, jikar wa ce?"

Maman Yara ta ɗaga hannu daga cikin bargo. "Ke Auta, ba a yi wa uba haka. Lafiyata ƙalau. Ƙyale shi ya buɗe."

Auta ta fita tsakar gida tana share hawaye. Mai Rediyo ya mayar da sukudirebarsa inda take. Amma an ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Washegari da hantsi Maman Yara ta tashi za ta ɗora ruwan zafi, sai jiri ya kwashe ta a bakin ƙofa. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, numfashinta yana fita da ƙyar. Maƙwabci mai tasi ne ya kwashe su zuwa asibiti. Likita ya duba ta ya ce sanyi ya kama mata huhu sosai, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci da ƙarin ruwa a hannu.

Mai Rediyo ya zauna a kujerar gefen gado, ya yi tagumi. Kwanaki suka shuɗe kafin ta fara buɗe ido tana gane mutane. Ranar da ta ɗan samu sauƙi har ta sha ruwan shayi, sai ya miƙe yana gyara kwat ɗinsa.

"Bari in leƙa gida in dawo," ya ce a hankali. "Na bar tagar a buɗe. Ko Allah zai sa ya shigo."

Auta ta ajiye kofin da ke hannunta za ta yi magana, sai uwar ta riƙe mata hannu. Maman Yara ta juyo ta kalli mijinta. Muryarta ƙasa-ƙasa take fita.

"Zauna, Malam. Ba zai shigo ba."

"Kamar yaya?"

"Sufeto ya mutu tun ranar. Da safen nan da na fita shara na gan shi. Ya sandare. Ni na binne shi a bayan ɗaki, na ɗora ɓallin bulo a kai."

Dattijo ya koma kan kujera kamar an ture shi. Tambaya ɗaya ya yi.

"A ina kika same shi?"

Ta kau da kai.

"Don girman Allah, Maman Yara, a ina?"

"A gindin taga," ta ce, hawaye na bin gefen fuskarta. "Ya dawo gida, Malam. Bai yi fushi ba. A nan ya kwana yana jira."



"Na ga fuskarka da ka kalli sakatar nan," ta ci gaba. "Na san in na faɗa maka ba za ka yafe wa kanka ba. Na ce bari in bar ka da sa rai, in ka gaji za ka rufe da kanka. Sanyin kuma na ɗauka zan iya."

Mai Rediyo ya kama hannunta, wanda allura ta kumbura, ya kifa goshinsa a kai. Auta ba ta taɓa ganin ubanta yana kuka ba sai ranar.

"Na rufe taga na kashe ɗaya," ya ce. "Na buɗe ta na kusa kashe ɗayar. Wane irin mutum ne ni?"

"Ni ma da laifina," in ji Maman Yara. "Da na faɗa maka gaskiya tun ranar, da kukan kwana biyu za mu yi tare mu wuce wurin."

Mai Rediyo ya koma gida da yammar nan. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tarar da ɓallin bulon a inda ta ce. Ya tsuguna a gabansa ya ɗan jima, ya yi wa abokinsa sallama. Sannan ya shiga ɗaki, ya zare sukudirebar, ya ja tagar ya danna sakata. Ya samo tsummoki ya toshe duk wata kafa da iska ke bi. Ya ja gadon shi kaɗai, yana nishi, ya mayar da shi ɗaya bangon. Rediyon da ya fi so a cikin nasa, wanda ya ƙi sayarwa shekara da shekaru, ya kai wa wani mai tara tsofaffin kaya, ya dawo da bargo mai kauri da buhun gawayi.

Allah ya tashi kafaɗar Maman Yara, sai dai tarin bai rabu da ita gaba ɗaya ba. Har ƙarshen rayuwarsu, duk shekara idan sanyi ya kama sai ya dawo, kuma duk lokacin da ta yi shi sai dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa ya juyo.

Ranar da aka sallamo ta, Auta ta riƙo ta suka shigo. Ɗakin ya ɗau ɗumi, domin Mai Rediyo ya hura kaskon a waje, sai da hayaƙin ya gama fita sannan ya shigo da shi ya ɗumama ko'ina. Ta zauna a bakin gado, ta dubi tagar, ta dube shi, tsokanar nan tata ta motsa.

"Malam, yau ba za a buɗe ba? Ko ba ka jiran kowa?"

Ya ja bargon ya lulluɓe mata ƙafafu.

"Wadda nake jira ta riga ta shigo," ya ce.

Darasi: Kada kewar abin da ya tafi ta rufe maka ido daga wanda yake raye a gefenka, domin mai haƙuri da kai ma jiki gare shi, kuma shirunsa ba ya nufin ba ya jin ciwo. Kai kuma mai ɓoye gaskiya don tausayi, ka sani ɗacinta na rana ɗaya ya fi sauƙi a kan abin da ɓoyon zai haifar. Yau ka juya ka dubi mutanen ɗakinka, ka tambaye su yadda suke, ka kuma tsaya ka ji amsar. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda tagarsa take buɗe har yanzu.