Zakaran Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa ku zauna.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce wai ita Tasalla. Mijinta ya rasu. Ɗanta guda, Mati, ya yi aure ya koma ƙetaren rafi yana noma. Ba ta da abokan zama sai kaji. Sai wata shekara ciwo ya shiga akurki, ya share su kaf. Ɗan tsako ɗaya ne ya tsira.

Sai Tasalla ta ɗauke shi, ta sa shi cikin zaninta don ya ji ɗumi. Ta riƙa ba shi tsaki a tafin hannu. In ta zauna, yana kan cinyarta. In tana cin tuwo, sai ya tsoma baki a kwanon, ita kuwa ta yi ta dariya. Har ya girma ya zama zakara ja, mai dogon wuya.

Ana nan, sai Mati ya kawo mata 'yarsa Yalwa yaye. Da aka gama yaye, tsohuwa ta ce a bar mata ita, aka bar mata. Gida ya cika da surutun yarinya. Tasalla ta ce ita kam duniya ta gama yi mata komai.

Ranar da zakara ya fara cara, ranar halinsa ya juya. Tasalla na shara, sai ya saki fiffike ɗaya, ya nufo ta a kaikaice, ya daka tsalle ya sare ta a ƙwauri. Jini ya zubo.

Ta ce, "Kai, ni ce fa! Ni na raine ka."

Zakara ya ce, "Na sani. Amma gidan nan nawa ne. Tun ina tsako, wa ya taɓa ce mini bari?"

Sai ta tafi wurin maƙwabciyarta Ladidi, ta nuna mata ƙafa. Ladidi ta ce, "Ki kama shi ki matse a hammata, ki wuni da shi a haka. Zai san wace ce babba."

Sai ta kama shi ta matse. Ta yi shara da hannu ɗaya, ta hura wuta da hannu ɗaya. Zakara ya yi laƙwas. Da yamma ta sauke shi. Yalwa ta zo wucewa da gudu, sai ya bi ta ya sare ta a dunduniya.

Tasalla ta ce, "Jikata ce fa!"

Ya ce, "Wa ya ce ta yi gudu a tsakar gidana?"

Sai ta tafi wurin Malam Barau, wanda ya tsufa yana kiwon kaji. Ya ce, "Ki kife shi da kwando, ki ɗora dutse a kai. In ya sha zama shi kaɗai, zafin kansa zai sauka. Kada ki buɗe da wuri."

Sai ta kife shi. Zakara ya yi ta kuka a ƙarƙashin kwando yana kiran sunanta. Tana jin kukan tana juya baya, hawaye na zuba. Ba a je ko'ina ba tausayi ya ci ƙarfinta, ta ɗauke dutsen. Yana fitowa ya tarar da Yalwa tana wasan ƙasa. Ya haye gadon bayanta, ya tsaga mata fata da farce.

Labari ya kai wa Mati. Ya ƙetaro rafi, ya duba bayan 'yarsa, ya ce, "Inna, a yanka shi yau. Ga wuƙa na zo da ita."

Ta ce, "Haba, ɗan nan. Shi kaɗai ya rage mini a cikin kajina. Ƙuruciya ce ke ɗibarsa. Ka ba ni lokaci kaɗan."

Uwa ce, Mati ba ya iya yi mata musu. Ya mai da wuƙarsa kube ya tafi.

Sai ta tafi kasuwa wurin wata mai sai da kaji. Matar ta ce, "Kaɗaici ne ke damunsa. Ki haɗa shi da kaji mata, zai manta da ku."

Sai Tasalla ta aro kaji biyu wurin Ladidi ta kawo masa. Zakara ya yi cara har sau uku, ya shiga zagaya su. Tsohuwa ta ce alhamdulillahi, ta shiga ɗaki ɗauko gari.

Yalwa kuwa ta ga baƙin kaji, murna ta kama ta. Ta ɗebo gero a ɗan hannunta, ta tsuguna a gabansu, ta ce, "Ku zo ku ci."

Ƙara ɗaya Tasalla ta ji. Ta fito a guje, gari ya watse. Ta tarar da yarinya a ƙasa, ta dafe ido, jini na bi ta tsakanin yatsu.

Aka yi magani, aka yi addu'a. Idon dai bai dawo ba. Mati ya zo ya saɓa 'yarsa a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ƙetare rafi da ita.

Sai a sannan Tasalla ta kira Malam Barau ya yanka zakaran. Ta fige shi tana kuka, ta dafa, ta kasa kai ko tsoka ɗaya baki. Ta zuba a kwano, ta ɗauka a ka, ta nufi gidan Mati.

Ta yi sallama. Yalwa na jin muryarta ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta. Daga can ta ce, "Kaka, da shi kika zo?"

Tsohuwa ta ce, "Ya mutu, ƙawata. Zo in gan ki."

Yarinya ta ƙi fitowa. Tasalla ta jira, ta jira, har inuwa ta juya. Sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta kama hanyar gida ita kaɗai.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, a nan ta tsaya. Ku dai ku riƙe wannan: zakaran da ya fara zub da jinin yaro, ranar ake raba shi da gidan, ko da a cinyarku ya tashi.