Mutumin da Ya Ce Kaya Ba Su Iso Ba

An yi wani mutum a nan Birnin Gwari. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ke cin ransa ya ishe shi. Mai shagon kayan noma ne, ba a rasa shi a sahun gaba a masallaci. Yana da 'ya tilo mai suna Adawiyya, 'yar shekara tara, wadda ke fama da ciwon asma tun tana goye. Idan ciwon ya tashi, da ƙyar take jan numfashi. Akwai wani maganin shaƙa da likita ya rubuta mata, shi ne ke kwantar da ciwon, kuma ba a samunsa a kemis ɗin garin nan. Daga Kaduna yake zuwa.

Ya 'yan uwa, kun san yadda hanyar Kaduna take a shekarun nan, ba sai na ba ku labari ba. Mutumin nan bai cika son hawa ta ba. Sai ya koyi sayayya a wata kasuwar intanet ta waya. Ya zaɓi abin da yake so, ya biya, a kawo masa har ƙofar shago. Ta nan yake sayen maganin 'yarsa.

Mai kawo kayan wani direba ne ɗan ƙauyen gefen Damari, sunansa Japheth. Duk mako yana bin ayarin motoci ya ratsa dajin nan da saƙonnin mutane. Ƙa'idar kamfanin da ke da kasuwar ita ce mai kaya ya danna a wayarsa cewa ya karɓa, amma sau da yawa babu sabis a garin. Sai Japheth ya miƙa kaya ya ce, "Baban Adawiyya, in sabis ya dawo ka danna. Tsakanina da kai ai ba sai da shaida ba." Har da alawa yake ɗora wa yarinyar a kan kwalin maganinta, daga aljihunsa.

Wata rana mutumin ya yi odar fitilar sola. Aka rufe hanya, mako biyu babu mota. Ya rubuta ƙorafi cewa kaya ba su iso ba, kuma a ranar gaskiya ya faɗa. Kamfanin ya mayar masa da kuɗinsa. Bayan kwana uku hanya ta buɗe, sai ga Japheth da fitila. Mutumin ya karɓa, ya yi godiya, amma bai sanar da kamfanin ba. Ga fitila a ɗaki, ga kuɗi a aljihu.

Nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Ya raɗa masa cewa ai kamfani ba mutum ba ne, ba ya jin zafi. Ya ce masa kowa ya san dajin nan yana cin kaya, wa zai ƙaryata ka? Malam sai ya ga ya gano rijiyar da ba ta ƙafewa.

Ya yi odar famfon feshi. Ya iso. Ya rubuta cewa bai iso ba. Ya yi odar waya. Ta iso. Ya rubuta cewa ba ta iso ba. Musibar da ta raba mutane da gonakinsu, ta mayar da mata zawarawa, ita ya mayar jari. Maganin Adawiyya kaɗai yake dannawa ya ce ya karɓa, wai shi mai dabara.

Saƙon gargaɗi na farko ya shigo wayarsa. Aka ce an lura yana yawan neman a mayar masa da kuɗi, ya kiyaye. Ya karanta, ya yi tsaki. Na biyu ya zo, aka ce idan aka same shi da ƙarya za a rufe masa asusu. Ya goge saƙon. Ku duba rahamar Allah, jama'a. Sau biyu ana taɓa kafaɗarsa, sau biyu yana kaɗe hannun.

A kan wayar nan da ya yi oda ne rigima ta tashi. Mai sayarwa ya ce shi ya tura. Mai saye ya ce bai gani ba. Kamfanin ya juya kan direba, ya ce ina shaidarka? Japheth kuwa ba shi da komai sai amanar da ya ba mutumin. Ya zo shagon da hantsi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Baban Adawiyya, don Allah ka faɗa musu gaskiya. A nan na ba ka, kan buhun takin can ka ajiye ta. Za su kore ni, kuma ina da yara."

Mutumin bai iya kallon idonsa ba. Ya ce, "Ni ban tuna ba. Ka je ka bincika motarka."

Da Japheth ya fita, tsoro ya kama mutumin kada asirinsa ya tonu. Sai ya ɗauki waya ya ƙara layi ɗaya a ƙorafinsa. Ya rubuta cewa yana zargin direban da haɗa baki da mutanen daji. Kun san nauyin wannan magana a ƙasar nan. Kun san ana rasa rai a kanta.

Aka kori Japheth. Aka tsare shi kwana biyar ana yi masa tambayoyi, ba a same shi da komai ba, aka sake shi. Amma maganar ta riga shi zuwa gida. Mutanen da ya yi shekaru yana kawo wa saƙo suka daina amsa gaisuwarsa. Ya koma noman ɗan abin da zai ci.

Bayan wata biyu kamfanin ya gama bincikensa. Suka ga cewa duk mutanen garin kayansu na isowa, na mutum ɗaya ne kawai daji ke ci. Suka rufe asusunsa. Kuma da yake babu wani direba da ya yarda ya gaji Japheth, sai suka cire Birnin Gwari daga wuraren da suke kai kaya. Labari ya bazu a tasha, kowa ya san wanda ya jawo.

Mutumin ya ce a ransa, to sai me? Akwai sauran magani a gida, in ya kusa ƙarewa zai nemi hanya. Yau da gobe, yau da gobe, har lokacin girbi ya zo, ƙurar sussukar masara ta cika gari. Ranar wata Laraba da safe ciwon Adawiyya ya tashi. Uwarta ta girgiza abin shaƙar, babu komai a ciki.

Uban ya ɗauki yarinyar a kafaɗa zuwa asibiti. Suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce a nemo maganinta da gaggawa. Ya buɗe wayarsa, asusu a rufe. Ya roƙi maƙwabcinsa ya saya masa, aka ce ba a kai kaya garin. Ya ruga tasha, ayarin ranar ya riga ya tashi. Ya roƙi direbobi su kira abokansu da ke Kaduna su sayo masa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malam, mu ɗauko kayanka gobe ka ce mun haɗa baki da 'yan daji? Ka yi haƙuri." Mutumin ya ce 'yarsa ce ba lafiya. Wallahi ba su yarda ba. Sun ɗauka wata sabuwar dabara ce.

Ranar ce ya faɗi gaskiya tsantsa yana kuka, kuma ranar ce babu wanda ya gaskata shi.

Ya koma asibiti ya zauna kusa da ita. Ta riƙe yatsansa, tana jan numfashi, ta ce, "Baba, Baba Japheth bai zo ba?" Ita ba ta san komai ba. Abin da ta sani shi ne, in mutumin nan ya zo, numfashi yana dawowa. Uban ya ce, "Yana hanya." Wannan ita ce ƙaryarsa ta ƙarshe, kuma bai san cewa gaskiya ya faɗa ba.

Domin labari ya kai ƙauyen Japheth da yammacin ranar. Bai yi shawara da kowa ba. Washegari da asuba ya ari babur, ya shiga hanyar da motoci ba sa shiga sai da rakiya, shi kaɗai. Ya je Kaduna, ya sayi maganin, ya juyo ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ya iso bayan la'asar. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Adawiyya ta cika da hantsi, an kai ta bayan azahar.

Ya jingine babur ɗin, jikinsa duk jar ƙasa. Ya ratsa mutane har gaban uban, ya durƙusa, ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya ciro kwalin daga cikin rigarsa, da 'yar alawa ɗaure a kai, ya ajiye a hannunsa. Ya ce, "Ga shi, Baban Adawiyya. Wannan dai ya iso hannunka." Ya tashi ya tafi yana share ido.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce yarinya ta mutu saboda zunubin ubanta. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya, kuma babu mai ɗaukar laifin wani. Amma ku tambayi uban ko wannan ya taɓa sanyaya masa zuciya. Ya san ƙofar da magani ke shigowa, ya san hannun da ya rufe ta. Shagon ya mutu, don ba mai son ciniki da shi. Ya je ya nemi gafarar Japheth a gaban jama'a, Japheth ya ce ya yafe. Shi ne ya kasa yafe wa kansa. Har yau kwalin nan yana ɗakinsa, bai buɗe ba.

Wanda ya karɓi kaya ya ce bai karɓa ba, ɓarawo ne, ko da yatsa ɗaya ya yi satar. Kada allon waya ya ruɗe ku. A bayansa akwai mai sayarwa da iyalinsa, akwai direban da ya sa ransa a hanya dominku. Idan an zalunce ku a ciniki, ku nemi haƙƙinku, halal ne. Idan kaya sun iso, ku ce sun iso. Idan kuma gargaɗi ya zo muku, ta bakin malami ne ko ta saƙon waya, ku tsaya ku saurara tun ƙofa tana buɗe.

Allah ya jiƙan Adawiyya, ya sa mai ceton iyayenta ce. Allah ya saka wa mai riƙon amana, ya karɓi tuban mai tuba, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu. Allah ya kiyaye mu da cin abin da ba namu ba. Amin.