Ɗigon Rijiya a Kan Sarki

An yi wani bawan Allah a wani gari, Malam Nadabo, wanda kullum akwai shuɗin tawada a babban yatsansa. Mai zanen taswira ne. Da ƙafa yake bin daji, ya auna hanya, ya sa ɗigo inda duk ya ga ruwa.

Wani madugu ya sa shi ya zana masa hanyar arewa. Da ya gama, madugu ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo, ya ce, "Malam, goge wannan rijiya. Ni da ayarina kaɗai za mu san da ita."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, tafiyar kwana uku ce babu wani ruwan. Waɗanda ba su sani ba fa?"

"Kai ka haife su?"

"Ban haife su ba, amma na san ƙishirwa."

Ku saurara, 'yan uwa, ku saurara! Madugu ya kore shi, ya bi attajirai yana ɓata shi, har aiki ya ƙafe masa. Malam bai yi faɗa ba. Ya zauna ya sake zana taswirar, ya sake, ya sake, yana miƙa wa matafiya a bakin kasuwa. Ko sunansa bai tsaya rubutawa ba.

Shekaru suka shuɗe. Gwamnati ta samo ɗaya daga cikin taswirorin, wadda ta tsufa ta yi ja, aka buga ta a jikin kan sarki, ɗan hoton nan da ake liƙa wa wasiƙa. Ranar da ya iso gidan waya, wata tsohuwa ta kai shi kusa da ido, sai ta ƙwala kabbara.

"Allahu Akbar! Rijiyar nan ce! Ina goye da Lantana muka sha ruwanta, harshena ya bushe. Ɗan nan, waye ya zana?"

Akawu ya duba, ya ce, "Iya, an rubuta ba a san shi ba."

"To Allah ya san shi!"

Ya san shi mana! 'Yan uwa, kowaccenmu tana da rijiyar da ta sani: wani ilimi, wata hanya, wani magani. Kada ki goge don a rasa, kada ki jira sai an rubuta sunanki.

Malam Nadabo kuwa yana bayan layi a gidan waya ranar. Ya dubi yatsansa, ya tura hannu cikin aljihu, ya sa takalminsa ya fita.