Zumar da Ta Ɗaure Sarki Jatau

A ƙasar Amya, inda ƙudan zuma suka fi yashi yawa, an yi wani sarki, Jatau ɗan Bagudu jikan Tanimu, dogo, kakkaura, mai kwarjini, wanda al'adar gidansu ta ɗaure tamau: duk talakan da ya zo gaisuwa da ƙoƙon zuma, dole sarki ya shanye, domin mayar da ƙoƙo da saura zagi ne ga mai shi har jikokinsa. Shekara ashirin yana sha, har ƙishirwa ta aure shi, fitsari ya hana shi zaman fada, daga bisani ƙarfinsa na ɗa namiji ya kwanta ya ƙi tashi. Kunya ta ɗinke masa baki, ya riƙa kauce wa ɗakin matarsa, Gimbiya Yalwa, uwar 'ya'yansa. Ita kuwa ta ɗauka ƙiyayya ce, ta aiko masa cewa in wata uku ya cika bai faɗa mata laifinta ba, za ta koma gidan ubanta.

Masu magani suka yi ta kawo saiwoyi, kowacce a kwaɓe da zuma da dabino, abu ya ƙara lalacewa. Sai sarki ya fita neman magani shi kaɗai, ya keta daji mai kukan mutane, ya haye kogi mai gudu da baya, har ya isa birnin Ƙarƙazanu Sarkin Aljanu, mai ganuwa baƙa ƙirin wadda ba ta da ƙofa. Ganuwar ta tsage ya shiga, ta haɗe a bayansa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi damuwarsa kansa a sunkuye. Ƙarƙazanu ya soke masa yatsa da ƙaya, ya ɗiga jinin a kan farin dutse, nan take tururuwa ta rufe jinin.

Ya ce, "Ɗan Bagudu, wannan ai maɗi ne, ba jini ba. Ciwon sukari ya ci jijiyoyinka, tun daga yatsun ƙafa har wurin da kake jin nauyin ambata. Ba ka fita sai tururuwa ta ƙi jininka."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, wata uku aka ba ni, na cinye ɗaya a hanya."

"Ganuwata ba ta san wata ba."

Haka ya zauna a tsare, abincinsa zogale da wake da ɗan tuwon acca, kowace safiya ƙwaya mai ɗaci da sukar ƙaya, sannan a sa shi zagaya ganuwa da ƙafa har gumi ya jiƙa shi. Sau uku yana ƙoƙarin haurawa, ganuwar tana ƙara tsawo. Yana ƙirga kwanaki, yana ganin Yalwa a zuciyarsa tana ɗaure kayanta. Ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, tururuwa ta zo ta shinshina dutsen, ta juya ta tafi.

Ƙarƙazanu ya ce, "Ba warkewa ka yi ba, linzamin ciwon ka kama. Ranar da ka sake shi, za ka koma inda ka fito." Ya ba shi ƙwayoyin, ya sa guguwa ta dire shi a ƙofar gidansa.

Ya tarar an gama labta wa raƙuma kaya. Ya ja Yalwa gefe, ya faɗa mata komai.

Ta dube shi ta ce, "Ashe wannan ne? Mai martaba, ka iya faɗa wa aljani, ni da na haifa maka biyar ka kasa?" Ta juya ga bayi ta ce a sauke kaya, ta kama hannun rigarsa suka shiga ciki.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba maza bakin faɗin abin da ke damunsu tun gida bai watse ba.